Ɗigo Biyu da Suka Shiga Kwamfuta da Sunan Kuskure

A cikin babban kundin da ya tattara haruffan duniya domin amfanin kwamfuta, wanda ake kira Unicode, akwai wani gurbi mai lamba 1801. Masu sana'ar ba haka suke rubuta lambar ba, U+0709 suke cewa, domin tasu ƙidayar ta sha shida-sha shida ce. Abin da ke zaune a gurbin bai taka kara ya karya ba a ido: ɗigo ne guda biyu a ƙasan layi, ɗaya ya ɗan goce daga saitin ɗan'uwansa. Alama ce ta rubutun Suryani, kuma kundin ya yi bayanin cewa tana zuwa ne a ƙarshen tambaya, ko wadda ake jiran amsarta ko wadda aka yi don jan hankali kawai. Sunan da aka raɗa mata da Ingilishi shi ne SYRIAC SUBLINEAR COLON SKEWED RIGHT, wato ruwa biyu na ƙasan layi wanda ya karkata dama. Inda gizo ke saƙar shi ne, hagu ya karkata. Masu kundin da kansu sun amsa cewa kuskure ne, sun ma rubuta hakan, amma sunan yana nan daram tun 1999, kuma dokar gidan ta hana kowa taɓa shi.

Wanda ke son sanin yadda aka haihu a ragaya sai ya koma baya da shekara dubu ɗaya da ɗari shida.

Suryaniyanci reshe ne na Aramiyanci, ɗan'uwan Larabci da Ibrananci. Cibiyarsa birnin Edessa, wanda Larabawa ke kira Ar-Ruha, yau kuma shi ne Urfa a kudancin Turkiyya. Sunan harshen ba baƙo ba ne a kunnen ɗalibin hadisi, domin an ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi Suryaniyanci saboda wasiƙun da ke zuwa. Rubutu mafi tsufa mai ɗauke da shekara da aka samu a harshen yana jikin wani kabari a Birecik, bakin kogin Furatu, an yi shi a shekara ta 6 Miladiyya. Daga baya harshen ya zama na ibada da karatu ga Kiristocin Sham da Iraƙi da Farisa, ya bi fatake da masu wa'azi har Kerala a kudancin Indiya, har ƙasar Sin, inda wani dutse da aka kafa a 781 kusa da birnin Xi'an yake ɗauke da sunayen malaman coci da haruffan Suryani a gefen rubutun Sinanci. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, Hunainu bin Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, da almajiransa sun juya littattafan likitancin Girkawa masu yawa zuwa Suryaniyanci da Larabci.

Haruffan 22 ne, ana jan su daga dama zuwa hagu, kuma baƙaƙe ne zalla, ba wasali. Daga nan ɗigo ya samu aikin yi.

Aikinsa na farko shi ne raba haruffa biyu da suka zama tagwaye, dalat da resh, wato da da ra. Jiki ɗaya gare su, sai aka sa wa dalat ɗigo a ƙasa, resh kuma a sama. Almajirin da ya taso da allon Warshu ba ya bukatar dogon bayani a nan, tunda shi ma da ɗigon ƙasa da na sama yake raba fa da ƙaf. Aiki na biyu ya fi wannan wayo. Kalmomi da yawa baƙaƙensu iri ɗaya ne, furucinsu daban. Malka sarki ne, melka shawara ce, amma a kan fata duka m-l-k ne da alif a ƙarshe. Sai marubuta suka ce, in wasalin mai kauri ne a sa ɗigo a saman kalmar, in siriri ne a sa a ƙasa. Haka aka raba man, ma'ana wa, da men, ma'ana daga, tagwayen nan da mai karatun Larabci ya sani da man da min. Sannan ga ɗigo biyu a jere a saman kalma, seyame, mai nuna jam'i. Masana da dama suna ganin ɗige-ɗigen wasali da ake jingina wa Abul Aswad Ad-Du'ali a rubutun Larabci na farko sun yi koyi da wannan dabara ta maƙwabta.

Duk waɗannan ana iya ganin tushensu a wani littafi da ke Laburaren Birtaniya a Landan, mai lamba Add. 12150. An kammala shi a Edessa a watan Nuwamba na 411, kuma shi ne littafin Suryaniyanci mafi tsufa da ya faɗi shekararsa da bakinsa. Ya yi ɗaruruwan shekaru a gidan ruhubanawa na Dairus Suryan a hamadar Wadin Natrun ta Masar. A 1086 wani mai karatu ya lura ganyen ƙarshe, mai ɗauke da kwanan watan, yana neman rabuwa da jikin littafin, sai ya kwafe bayanin a gefen wani shafi na tsakiya. Tsoronsa ya tabbata, ganyen ya fita. Sai a tsakiyar ƙarni na 19, bayan an kai littafin Ingila, aka tsinci ganyen a cikin tarin yage-yagen da aka kwaso daga gidan ibadar, ya kuma gaskata abin da mutumin ya kwafa.

Amma ɗigon da ya fi ba mutane wahala shi ne na karatu. Littafi Mai Tsarki a coci ake karanta shi da murya, a gaban jama'ar da yawancinsu ba su iya karatu ba, don haka dole mai karantawa ya san inda zai tsaya, inda zai ɗaga murya, inda zai sauke ta, inda magana ta zama roƙo, inda ta zama mamaki. Bayan da sarkin Rum, Zeno, ya rufe makarantar Edessa a 489, malamanta suka tattara suka koma Nusaibin a ƙarƙashin mulkin Farisa. A can akwai muƙamin malamin da ake kira maƙryana, mai koyar da karatu, kalmar da ta fito daga tushe ɗaya da ƙira'a. Ɗaya daga cikin masu wannan muƙami a ƙarni na 6, Yusufu Huzaya, mutumin yankin Ahwaz, shi ake jingina wa tsara alamomin karatu guda tara. Shedar tana cikin wani littafi da wani mai suna Babai ya rubuta a Harran a 899, wanda shi ma yana Landan yanzu. Littafin cike yake da ɗige-ɗige, waɗansu da baƙar tawada, waɗansu da ja, domin a bambanta karatun wani malami da na wani.

Manyan alamomin huɗu ne. Akwai pasoƙa, mai yankewa, ɗigo ɗaya a ƙarshen magana. Akwai shwaya, ɗigo biyu a tsaye, kamar ruwa biyu namu. Sai tahtaya, na ƙasa, da elaya, na sama, waɗanda su ma ɗigo biyu ne amma a karkace. Daga waɗannan huɗun rassa suka yi ta fitowa.

Yakubu, bishop na Edessa, wanda ya rasu a 708, ya sha fama da masu kwafar littattafai. A wasiƙarsa ga Jojis, bishop na Sarug, ya koka da yadda suke ƙara ɗigo inda babu, suke zubar da shi inda yake, ya kuma nemi duk mai kwafar littafinsa ya bar kowane ɗigo inda ya same shi. Shekara ɗari biyar da 'yan kai bayansa, Ibnul Ibri, wanda Suryaniyawa ke kira Bar Ebraya, ya rayu daga 1226 zuwa 1286, ya lissafa alamomin karatu kusan arba'in a littafinsa na nahawu. Shi kansa ya amsa cewa ba a koyon su daga takarda, sai dai daga bakin malami zuwa kunnen almajiri. Duk wanda ya taɓa gwada koyon tajwidi daga littafi shi kaɗai a ɗaki ya san abin da malamin nan yake nufi.

Da tafiya ta yi tafiya, ma'anar waɗansu alamomin ta ɓace har ga masu nahawun kansu. Ɗaya daga cikinsu ita ce zawga elaya, tagwayen sama, ɗigo biyu a tsaye a saman wata kalma kusa da farkon jimla. A 2011 Dakta J. F. Coakley na Jami'ar Kambirij ya bi ta wuri-wuri a cikin tsofaffin kwafin Littafi Mai Tsarki na ƙarni na 5, ya lura tana fitowa ne a kan tambayar da amsarta i ce ko a'a, ba ta kuma fitowa a kan tambayar da ta fara da wa ko me ko ina, tunda waɗannan sun riga sun tona kansu. Bahaushe zai fi Bature saurin gane hikimar, domin a Hausa ma "ka tafi" da "ka tafi?" kalmomi ɗaya ne, murya ce kaɗai ke raba su. Sa alamar a farkon jimla kuwa gata ne ga mai karatu a bainar jama'a, ya shirya muryarsa tun kafin ya yi nisa. Coakley ya yanke cewa wannan ce alamar tambaya mafi tsufa da aka sani a kowane rubutu.

Akwai wasu alamomi uku da asalinsu daban ne. A 616, a gidan ruhubanawa na Enaton kusa da Iskandariyya, Toma na Harkel ya kammala sabuwar fassarar Sabon Alkawari wadda ta bi Girkanci sau da ƙafa. Inda kwafin Girkanci suka saɓa wa juna, ko inda ya ƙara kalmar da babu ita a asali, sai ya sa alama a farkon wurin, ko mai kama da tauraro ko mai kama da tsinke, ya sa ta uku a ƙarshensa ta rufe shi. Ya gaji dabarar ne daga Origen, malamin ƙarni na 3, shi kuma daga masu tace waƙoƙin Girkawa a laburaren Iskandariyya. A riƙe su a rai, za su sake fitowa.

Injin ɗab'i ya iso wa harshen da wuri. A 1555 aka buga Sabon Alkawari na Suryaniyanci a Viyana, kwafi 1000, aikin haɗin gwiwa tsakanin wani malamin coci, Musa na Mardin, da Bajamushe Johann Albrecht Widmanstetter. Sai dai ɗigon da alƙalami ke ɗorawa cikin ƙiftawar ido, a maɗaba'a ɗan guntun dalma ne da sai an zuba shi an kuma nemo masa wurin zama. Yawancin bugu sai suka tsaya ga 'yan alamomi kaɗan, marubutan baya-bayan nan kuma suka aro waƙafi da alamar tambaya daga maƙwabtansu masu rubutun Larabci.

Kwamfuta da ta zo ba ta san da zaman kowa ba sai Ingilishi. Tsarin ASCII, wanda aka fara a 1963, gurbi 128 kacal gare shi, kuma haruffan boko na Amurka da lambobi da 'yan alamomi sun cinye su. Mai son rubuta wani harshe sai ya yi wa na'urar wayo: ya zana sabon zubin haruffa, ya ɗora hoton nasa harafin a gurbin na wani. A allonsa komai daidai, amma da zarar takardar ta je kwamfutar da ba ta da wannan zubi sai asiri ya tonu. Masu buga Hausa sun ɗanɗana wannan, kuma har yau akan ci karo da tsohon rubutu a intanet inda ƙasa ta zama }asa, ɗaya ta zama ]aya. Na Suryaniyawa ya fi muni, tunda rubutunsu daga dama yake farawa, haruffan suna haɗuwa suna sauya kama gwargwadon matsayinsu a kalma, ga ɗige-ɗige sama da ƙasa.

A nan George Anton Kiraz ya shigo labarin. An haife shi a Baitalami a 1965, iyalinsa suka yi ƙaura zuwa Los Angeles a 1983, kuma a 1986, yana saurayi, ya zana zubin haruffan Suryani domin wata manhajar rubutu mai suna Multi-Lingual Scholar. Daga baya ya yi karatun Suryaniyanci a Okasfod, ya yi digirin digirgir a Kambirij kan sarrafa harshe da kwamfuta, ya kafa cibiyar da ta zama Beth Mardutho, wato gidan ilimi. Al'ummarsa a lokacin ta riga ta warwatse. Kisan kiyashin 1915, wanda suke kira Sayfo, takobi, da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya sun kai su Suwidin da Jamus da Amurka da Ostireliya. Mutanen da suka bazu haka, in ba su da hanyar aika wa juna rubutu da haruffansu, to jikokinsu da haruffan wasu za su rubuta.

Ƙungiyar Unicode an kafa ta a Kalifoniya a 1991 da manufa mai sauƙin faɗa: kowane harafi na kowane rubutu ya samu lambarsa shi kaɗai, wadda ba ta sauyawa ko a wace na'ura. Ƙa, ɗa da ɓa na Hausa sun samu shiga tun da wuri. Suryaniyanci sai da ya jira. A 1998 Kiraz da Paul Nelson, wanda ya yi aikin haruffa a Microsoft, da Sargon Hasso suka gabatar da takardar neman gurbi, kuma a watan Satumba na 1999, da fitowar Unicode 3.0, aka ware wa rubutun gida mai gurbi 80, daga U+0700 zuwa U+074F, aka zuba alamomi 71 a ciki. Tare da shi aka shigar da rubutun Habasha da na Cherokee da na Mongoliya da na Khmer da wasu.

Shawarwarin da aka yanke a wannan lokaci su ne ainihin labarin. Na farko, rubutun Suryani salo uku ne: Estrangela, tsohon salo na littafin 411, da Serto na Suryaniyawan yamma, da Madnhaya na gabas. A ido sun bambanta ƙwarai, amma aka ce harafi ɗaya ne a riga uku, don haka lamba ɗaya za a ba shi, zubin haruffa ne zai zaɓi rigar. Na biyu, duk alamar da wani rubutu ya riga ya samar mata gurbi, a ara. Aya da ruwa biyu na yau da kullum an bar su a na boko. Waƙafi da waƙafi mai ruwa da alamar tambaya an aro na Larabci, U+060C da U+061B da U+061F. Seyame, ɗigo biyun jam'i, bai samu gurbinsa ba, aka haɗa shi da U+0308, wato ɗigo biyun da Jamusawa ke ɗorawa a kan a da o da u. Ɗigon da ke raba melka da malka a ƙasa kuwa U+0323 ne, shi ne dai wanda Yarbawa ke sawa a ƙarƙashin ẹ da ọ da ṣ. Amma ɗigon da ke nuna harafi ya taurara ko ya yi laushi, ƙushshaya da rukkaka, kowanne an ba shi nasa gurbin, ko da yake a ido ɗigo ɗigo ne. Har an tanadi U+0716 domin harafin nan da ba a ɗiga masa komai ba, saboda masu nazarin tsofaffin duwatsu su rubuta abin da suka gani ba tare da sun yanke hukuncin da ne ko ra ba.

Abin dariya a nan, harshen da ake ce shi ya fara ƙirƙiro alamar tambaya, yau da ta aro yake tambaya a waya. Ɗigo biyu a tsaye a saman harafi suna da gurbi, U+0743, amma bayanin da aka yi musu bai wuce cewa alamar karatu ce ta tsofaffin littattafai ba. An rubuta wannan shekara goma sha biyu kafin Coakley ya yi magana.

Alamomin da ba su da kama a ko'ina su aka jera a farkon gidan, guda goma sha huɗu, kafin ma a zo ga alif. U+0700 ita ce ta ƙarshen sakin layi, ɗigo huɗu da aka tsara kamar lu'ulu'u, wadda marubuta kan ƙawata da jar tawada kamar yadda masu rubutun Alƙur'ani da hannu a Kano da Barno ke ƙawata ƙarshen aya. Daga U+0701 zuwa U+0709 ɗigo ɗaya ne ko biyu, a sama ko a ƙasa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, kowanne da ɗan bayaninsa: wannan na umarni da tambaya, wannan na mamaki, wannan na ƙarshen addu'a, wannan na jimlar da ta rataya a kan wata. U+070A na kalmar da aka gutsure. Sai ukun ƙarshe, tsinke da marufinsa da tauraron Toma na Harkel, waɗanda suka taso daga Iskandariyya ta 616 suka sauka a U+070B da U+070C da U+070D.

Ba lamba da suna kaɗai ake ba alama ba, har da hali. Kowace daga cikin sha huɗun an rubuta mata cewa alamar rubutu ce, ba harafi ba, kuma 'yar dama-zuwa-hagu ce. Wannan na biyun yana da amfani fiye da yadda ake zato. Aya ta boko ba ta da ɓangare, inda iska ta kaɗa nan take bi, shi ya sa wanda ya taɓa cusa jimlar Larabci ko ajami a tsakiyar rubutun boko yakan ga ayarsa ta yi tsalle ta koma farkon jimla. Alamar Suryani ba ta yin haka, ta san inda ta dosa. Idan kuma aka adana ta a tsarin UTF-8, wanda shi ne ya mamaye intanet, lamba 1801 takan zama ƙulli biyu, DC da 89. Su ne ke bin waya daga Suwidin zuwa Iraƙi.

Mafi ban mamaki a gidan ita ce U+070F, alamar taƙaitawa. Marubutan Suryani idan za su gajarta kalmar da ke yawan dawowa, kamar teshbuhta, ɗaukaka, sai su rubuta haruffan farko su ja layi a samansu, sau da yawa da ɗigo a bakinsa biyu da tsakiya. Haka kuma suke yi idan haruffa suna tsaye a matsayin lamba, misali yud da he su ba da 15, lissafin nan dai na abajada da malamanmu ke ƙulla ramzin shekara da shi a ƙarshen waƙa. To yaya za a adana layin da tsawonsa ya danganta da kalmar da ke ƙarƙashinsa? Dabarar da aka yi ita ce a mai da shi umarni marar jiki. Mai bugawa zai sa U+070F a inda layin zai fara, ita kanta ba a ganinta, manhaja ce za ta ja layin daga nan har zuwa inda haruffa suka ƙare. A takarda dabara ce mai kyau. A aikace, manhajoji da yawa sun yi shekaru suna nuna ɗan akwati ko su yi biris da ita. HarfBuzz, injin tsara haruffa da Android da Chrome da Firefox da LibreOffice ke dogara da shi, sai a ƙarshen 2015 ya koyi miƙa wannan layi, shekara goma sha shida bayan an ba alamar lamba.

Microsoft ce ta fara ɗaukar rubutun da gaske. Windows XP na 2001 ya zo da zubin Estrangelo Edessa a cikinsa, Beth Mardutho kuma ta raba tarin zubi kyauta da sunan Meltho, wato kalma, waɗanda aka sa wa sunayen garuruwan da harshen ya yi zamani: Nisibin, Mardin, Kharput, Urushalima, Ctesiphon.

Saura batun suna. Me ya hana a goge RIGHT a rubuta LEFT? Amsar tana Koriya. A Unicode 2.0 na 1996 an kwashe gaɓoɓin rubutun Koriya daga inda suke aka mai da su sabon wuri mai gurbi 11,172, duk rubutun da aka adana da tsofaffin lambobi ya rikice. Daga wannan ɗanyen aiki ƙungiyar ta ɗauki alkawari: harafin da aka ba lamba ba ya tashi, sunan da aka ba shi ba ya sauyawa, ko da kuskure ne ƙarara. Bakin alƙalami ya bushe. Dalilin kuwa ba taurin kai ba ne. Sunan ba don ɗan Adam kaɗai aka yi shi ba, manhajoji ma da shi suke kiran harafi. A harsunan rubuta manhaja irin Python da Perl mutum na iya ambaton harafi da cikakken sunansa, kuma ranar da aka sauya sunan, ranar manhajarsa za ta tsaya, a wurin da ba wanda zai tuna ya duba.

Don haka kundin yana ɗauke da tabonsa a fili. Akwai alamar U+FE18 da aka rubuta BRAKCET a sunanta, hannu ya juya haruffa biyu, haka kuma za ta tabbata. Akwai U+01A2 da aka kira OI alhali gha ne na wasu harsunan Turkawa. A 2006, da Unicode 5.0, aka fito da mafita irin ta gidan sarauta: suna na yanka yana nan, amma ana iya naɗa laƙabi a hukumance. Daga baya U+0709 ta samu nata, mai ƙarewa da SKEWED LEFT, an kuma yi masa shedar cewa gyara ne. Manhajar da ta kira ta da tsohon suna za ta same ta, wadda ta kira ta da laƙabi ma haka.

Hukuncin daidai ne, ko da bai yi kyan gani ba. Kuma in ana maganar asara, ba a sunan take ba. Abin da bai samu shiga ba shi ne abin da Babai ya yi da jar tawada a 899, domin Unicode ba ya adana launi. Ba ya kuma adana girman ɗigo, alhali marubuta sukan yi na karatu da kauri, na wasali siriri, ba ya adana ɗan gocewar da ke sa ɗigo ya faɗa tsakanin haruffa biyu maimakon kan ɗaya. Mai son waɗannan sai ya koma ga hoton shafin. Hoto kuwa, duk kyansa, ba a iya neman kalma a cikinsa yadda ake yi a rubutu mai lamba. Yakubu na Edessa, da ya hana a matsar masa da ɗigo ko ɗaya, da zai sami abin faɗa a kan wannan.

Gidan ya ci gaba da karɓar baƙi. A 2003 an ƙara haruffa shida domin Sogdiyanci da Farisanci da aka rubuta da haruffan Suryani, adadin ya kai 77. Tun farko ma akwai haruffan Garshuni, wato Larabci da haruffan Suryani, ajaminsu ke nan. A 2017, da Unicode 10.0, an buɗe ƙaramin ɗaki a U+0860 aka zuba haruffa 11 da Kiristocin Kerala ke rubuta Malayalam da su. A babban gidan gurbi uku ne suka rage ba kowa: U+074B da U+074C, sai U+070E, wanda ke tsakanin tauraron Toma da alamar taƙaitawa.

Mai son ganin alamar da idonsa, ya buɗe Microsoft Word, ya rubuta 0709, ya danna Alt da X tare. In kwamfutarsa tana da zubin haruffan Suryani, ɗigo biyu za su bayyana a ƙasan layi, sai ya ƙara musu girma ya duba inda suka karkata.